Wai da gaske bakteriya na cinye warin kemikal daga iska? Masana ku shigo

Mai Kaji: Salam jama'a. Masu ilimin kimiyya a zauren nan don Allah ina neman ƙarin bayani. An ce min akwai wata dabara da Turawa ke yi, sai a tara taki da guntayen itace a rami ko a akwati a riƙa hura iska mai wari ta ƙasa, wai ta fito ta sama babu wari, bayofilta ake ce masa. Ni dai abin ya min kama da labarin ƙanzon kurege, ta yaya taki da shi kansa wari yake zai kashe wari? Dalilin tambayar ina da kaji masu ƙwai, da can wajen daji ne yanzu gari ya cim mana, maƙwabta har sun fara zuwa wajen mai unguwa a kan warin kashi, kuma tsakani da Allah suna da gaskiya, ni ma in na shiga inda muke tara kashin sai idona ya yi ta hawaye.

Injiniyan Ruwa: Wa'alaikumussalam Alhaji. Ba ƙanzon kurege ba ne, abu ne da ya daɗe. Tun 1923 wani Bajamushe mai suna Bach ya kawo shawarar a yi amfani da shi don warin ruwan masai, a 1957 kuma Richard Pomeroy ya yi masa rajistar mallaka a Amurka, shi ƙasa ce kawai ya binne fayif mai huji-huji a ciki yana tura iskar magudanar bahaya. Daga baya Jamus da Holan suka fi kowa riƙe shi, musamman daga shekarun 1970 zuwa 1980, a wajen tace ruwan ƙazanta da masana'antun sarrafa taki da na abinci. Kuma ba takin ne ke aikin ba. Takin da itacen gida ne kawai, ma'aikatan su ne bakteriya da funfuna da ke manne a jikinsu cikin wani siririn ruwa mai yauƙi. Iska na wucewa sai sinadarin ya narke cikin wannan danshin, su kuma su cinye shi a matsayin abinci.

Dan Adawa: Su cinye guba? To su me ya hana ta kashe su

Malama Mai Bayoloji: Abin da yake guba a jikinka ba lallai ya zama guba a wajensu ba Malam. Ka ɗauki toluwin da ke cikin tinar fenti da fetur, kai in ka shaƙa kanka ya yi ta juyawa, amma akwai wata bakteriya a cikin ƙasa Pseudomonas putida da ke farfasa shi ta samu ƙarfi, abin da zai rage iskar kabon ce irin wadda muke fitarwa da numfashi, sai ruwa, sai ƙarin 'ya'yanta. Mai warin ruɓaɓɓen ƙwai kuma, haidurojin salfayid, akwai dangin Thiobacillus da ke mayar da shi salfet. Abin da ke sa Alhaji hawaye amoniya ce, ita ma tana da nata, Nitrosomonas ta fara sannan Nitrobacter ta ƙarasa ya koma naitret, wanda shi ne ma abin da shuka ke sha a takin zamani. Amma tambayarka akwai ƙamshin gaskiya, in sinadarin ya yi yawa a iskar zai kashe su ɗin. Shi ya sa dabarar ta fi dacewa da iska mai yawa wadda gubar cikinta kaɗan ce, yawanci ƙasa da giram 1 a kowace mita kubik.

Mai Kaji: Ikon Allah. To Malama bakteriyar a ina ake saye, ko sai an yi oda daga waje?

Malama Mai Bayoloji: Ba sai ka saya ba Alhaji, suna nan cikin takin da ya ruɓe sosai da ƙasar lambu. Da ka fara hura iskar waɗanda abincin ya yi musu za su hayayyafa su mamaye wajen, sauran su ja baya. Sai dai ba sha yanzu magani yanzu ba ne, yakan ɗauki kwanaki wani lokaci makonni kafin su saba. Masu sinadarai masu taurin kai irin waɗanda ke da kulorin a ciki su ne kan nemi a zuba musu iri na musamman.

Injiniyan Ruwa: Kafin Alhaji ya yi murna bari in tambaye shi, ɗakin kajin naka rufaffe ne ko irin namu na nan mai waya gefe da gefe?

Mai Kaji: Waya ce mana, wa zai rufe kaji a zafin nan

Injiniyan Ruwa: To nan gizo ke saƙar. Bayofilta ba ya janyo wari daga sarari, dole sai ka tattara iskar wuri ɗaya ka tura ta cikinsa da fanka. A Amurka masu bincike na Jami'ar Minnesota sun yi aiki sosai a kan wannan a gidajen dabbobi, suna haɗa guntayen itace da taki, kuma iskar daƙiƙa 3 zuwa 5 kawai take yi a ciki warin ya ragu sosai, amma ka sani ɗakunansu rufaffu ne saboda sanyi, duk iskar ta bakin fanka take fita, sai kawai su tare ta a nan. Kai naka iska na shiga ta ko'ina tana fita ta ko'ina. Shawarata ka manta da ɗakin kajin, ka duba inda kake tara kashin, ai ka ce nan ne ya fi. Wannan za ka iya ginawa ka rufe, ka sa fanka mai zuƙo iska daga ciki ta tura ƙarƙashin tacin.

Dan Adawa: Kun fara ko. Fanka. Da wace wutar? Mu da ake kawo mana wuta kamar ana ba mu bashi, ku ce fanka ta kwana ta wuni tana juyawa. Ko janareta za a tayar wa kashin kaji a kuɗin man nan

Injiniyan Ruwa: Hhh Malam ba ka da dama amma batunka haka yake. Fankar ita ce babban kuɗin da za a riƙa kashewa kullum. Sola na iya ɗauka in ba babba ba ce. Kuma in wuta ta ɗauke na wasu awanni bakteriyar ba mutuwa za su yi ba, ko kwana biyu aka yi suna farfaɗowa da wuri, suna ɗan cin takin da suke kai. Wanda ba sa yafewa shi ne bushewa. Ni wallahi ruwa ya fi ba ni tsoro a kan wuta.

Hajiya Mai Lambu: Kamar ya Injiniya, ba yayyafi kawai za a riƙa yi ba?

Injiniyan Ruwa: Hajiya bari mu yi lissafi a fili. A ce fankar na tura mita kubik 1000 a awa, ba wata babba ba ce. In kana so iskar ta yi daƙiƙa 30 a ciki, wanda shi ne abin da aka fi yi a masana'antu, daga 30 zuwa 60, to kana buƙatar kayan taci wajen mita kubik 8 da ɗoriya, wato fili mita 3 sau 3 zurfin mita 1. Ana so danshin kayan ya tsaya tsakanin kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari, in ka damƙa a hannu ka ji shi jiƙe amma ba ya zubar da ruwa sai ɗigo ɗaya biyu. To ki tuna iskar hunturu, wadda ke fasa leɓe da dunduniya, wanki ya bushe kafin ki gama shanya. Wannan iskar in ta ratsa jiƙaƙƙen abu sai ta kwashi ruwa ta tafi da shi, a lissafina wannan ƙaramar fankar kaɗai za ta iya shanye lita 150 zuwa 200 a rana, jarka bakwai ko takwas kenan, kullum. Kuma daga ƙasa yake fara bushewa inda iskar ke shigowa, ke kina ganin sama jiƙe kina cewa lafiya lau alhali ƙasan ya zama ƙaya. Da ya bushe sai ya tsage, iska kuma ba ta son wahala, duk sai ta bi ta tsagar ta fice da warinta ba ta taɓa bakteriyar ba. Shi ya sa a manyan wurare sai an fara bi da iskar ta wani ɗaki mai feshin ruwa ta jiƙe kafin ta shiga.

Malama Mai Bayoloji: Wannan feshin yana da wani amfanin ma a wajenmu, yana sanyaya iskar. Yawancin waɗannan bakteriya sun fi walwala tsakanin digiri 20 zuwa 40, kun san kuwa a watan Afrilu muna haura 40 a inuwa, balle ɗaki mai rufin kwano. Ni kullum abin da nake ce wa ɗalibaina ku ɗauke shi kamar kiwo, ba kamar inji ba. Akuya ce ba ka ganinta, tana son ruwa tana son abinci a kan kari ba ta son zafi ya yi yawa, in ka yi tafiya ka bar ta babu mai dubawa ka dawo ka tarar da gawa.

Dan Adawa: To ai kin gama magana Malama. Mu da ko famfon unguwa in ya lalace sai a shekara ana kallonsa

Fenta: Slm. ni fentin mota nake yi, gsky tun dazu nake bin maganar nan saboda abin da Malama ta fada na tina. wlh wani lokacin in na gama feshi sai inji kaina na sarawa kirjina ya rike, ogana yace in sha madara tana wanke shi, kullum sai na sha gwangwani daya. to wannan abin in na hada a gareji zai taimaka min?

Malama Mai Bayoloji: Ƙanina don Allah ka saurare ni da kyau. Madara ciki take zuwa, tina kuwa huhu take shiga daga nan ta bi jini, ba su ma haɗu a hanya ba. Ka sha don daɗi amma ba ta wanke komai. Bayofilta kuma ba zai cece ka ba don kai ka riga ka shaƙa kafin iskar ta isa wajensa, shi maƙwabtanka yake karewa. Abin da kake buƙata takunkumi ne mai gwangwani biyu a gefe da gawayi na musamman a ciki, ba na ƙyalle ko irin na asibiti ba, waɗancan ƙura kawai suke ɗan tarewa tururin kemikal wucewa yake. Kuma gwangwanin cika yake, in ka fara jin warin tina ta ciki ya gama aiki a canza. Fenti mai hadina, wato ruwan da ake haɗawa don ya ƙame, ya fi haɗari ma, akwai wani sinadari aisosayanet a ciki da ke jawo asma, in da hali shi iska mai tsabta ake turo wa mai feshin ta tiyo. Ciwon ƙirjin nan ka je asibiti ka faɗa musu sana'arka, kar ka ce musu mura ce.

Fenta: ngd anti Allah ya saka. zan nemi takunkumin

Injiniyan Ruwa: Ƙari a kan haka, gareji ma bai dace da shi ba. Feshin awa ɗaya tururi ya yi yawa ya fi ƙarfinsu, sannan kwana uku babu aiki su zauna da yunwa. Irin wannan wajen gawayin da Malama ta ambata ya fi, sai dai shi kamawa kawai yake ba ya cinyewa, in ya cika gubar na nan a jikinsa sai ka san yadda za ka yi da shi. Manyan kamfanoni masu tururi mai kauri kuma ƙona shi suke a zafin da ya kai digiri 800, wannan sai mai kuɗin gas.

Dan Sharada: Ni tambayata ta majemu ce. Duk wanda ya taɓa bi ta Challawa ko Sharada ko Bompai a Kano ya san abin da nake nufi, ba sai an yi maka kwatance ba hancinka zai faɗa maka ka iso. Wannan dabarar me ya hana a tilasta musu?

Injiniyan Ruwa: Yawwa, nan ne ma ya fi dacewa. Wajen cire gashi daga fata ana amfani da sodiyam salfayid da farar ƙasa, daga baya kuma akwai matakin da ake jiƙa fatar a asid kafin a sa kurom, sinadarin da ake jeme ta da shi. Duk sanda waɗannan ruwa biyu suka haɗu a kwata ɗaya sai haidurojin salfayid ya tashi. Don haka abu na farko mai sauƙi, a raba kwatocin. Sannan a rufe tankunan a zuƙe iskar a tace. Amma da salfayid akwai wata matsala, bakteriyar asid ɗin salfa suke mayar da shi, dangin ruwan batir, a hankali takin ya yi tsami ya ruɓe ya dunƙule, siminti da ƙarfen da ke kusa ma ya cinye su. Wasu kan gauraya dakakken dutsen farar ƙasa a ciki don ya rage tsamin. Wanda ya fi inganci shi ne a bar taki gaba ɗaya a cika hasumiya da soso na roba ko dutse mai huji, ruwa na ɗiga daga sama yana wanke asid ɗin iska na hawowa daga ƙasa. A gundumar Orange ta Kalifoniya an juya injinan wanke iska da kemikal na wajen tace ruwan masai zuwa irin wannan, Gabriel da Deshusses suka wallafa sakamakon a 2003, iskar wajen daƙiƙa 2 kawai take yi a ciki kuma kusan duk salfayid ɗin ya tafi.

Dan Sharada: To ka gani. Ashe ba fin ƙarfi ba ne

Dan Adawa: Ba fin ƙarfi ba ne, rashin mai tsawatarwa ne. NESREA, hukumar da ke tabbatar da bin dokokin muhalli a Najeriya, tun 2007 aka kafa ta. Bajamushe bai gina abin nan don yana tausayin maƙwabci ba, doka ce ta matse shi. Kai mai kamfani da ya san babu wanda zai zo ya auna iska me zai sa ya kashe kuɗi a kan abin da ba ya ƙara masa ko sisi? Kuma ku daina yi mana kamar in wari ya tafi an gama, kurom ɗin da ke bin ruwa yana shiga kogi ana ban ruwan kayan miya da shi fa?

Malama Mai Bayoloji: A nan ina bayanka ɗari bisa ɗari. Kurom ƙarfe ne, babu bakteriyar da za ta ɓatar da shi, kuma ma a ruwa yake ba a iska ba, aikinsa daban. Kuma wari ba shi ne ma'aunin haɗari ba. Shi haidurojin salfayid hanci na jin sa tun yana ɗan mitsitsi, amma in ya kai wajen kashi 100 cikin miliyan sai ya kashe jijiyar jin warin, mutum ya zaci ya tafi, in ya kai 700 zuwa 1000 numfashi ɗaya biyu ne mutum ya faɗi. Ya fi iska nauyi sai ya kwanta a ƙasan rami. Shi ne abin da muke yawan ji, waya ta faɗa masai yaro ya shiga ɗaukowa ya faɗi, yayansa ya bi shi ya faɗi, na uku ma haka, a ce aljanu ne. Masu gidan kowa da akwai da masu yasar rijiya su ma wannan ne ko rashin iskar shaƙa ke ɗauke su. Wannan babu ruwan bayofilta, kar wanda ya shiga rami sai an hura masa iska sosai an ɗaura masa igiya akwai masu ja a sama.

Hajiya Mai Lambu: Innalillahi. Allah ya kiyaye. Ni kuma na taɓa ganin ana yaɗawa wai hukumar NASA ta binciken sararin samaniya a Amurka ta ce fulawar cikin ɗaki na tsotse guba, shi ma irin wannan ne?

Malama Mai Bayoloji: Binciken 1989 ne Hajiya, an yi shi da gaske amma a cikin ƙaramin akwati rufaffe. A 2019 masu bincike a Jami'ar Drexel suka sake duba lissafin suka ce sai kin jera tukunya 10 zuwa 1000 a kowace murabba'in mita kafin ta kamo abin da iskar da ke shiga da fita ta taga da ƙofa ke yi. Ki ci gaba da sayar da fulawarki don ado dai, hhh

Mai Kaji: Mu dawo kan nawa don Allah. A ce na rufe wajen kashin, me zan zuba? Akwai dusar katako a wajena da yawa ita muke shimfiɗa wa kaji

Injiniyan Ruwa: Dusar katako kar ka fara Alhaji, ta yi laushi, da ta jiƙe za ta cushe fankar ta yi ta kuka iska ba ta wucewa. Kana son abu mai gari-gari da iska za ta ratsa, sassaƙen itace kamar girman babban yatsa shi ne mafi yawa, ka gauraya da ruɓaɓɓen taki kaɗan kamar kashi 1 cikin 4. Totuwar masara da ɓawon gyaɗa za su yi amma suna saurin ruɓewa su zauna, ɓuntun shinkafa na daɗewa sai dai ba ya riƙe ruwa sosai. A ƙasa ka jera bulo ka ɗora katako ko raga mai ƙarfi ya zama akwai sarari da iska za ta bazu ko'ina kafin ta hau. Kar a taka saman, ko yaranka kar su bi ta kai. Ka yi masa rumfa saboda rana da ruwan Agusta, don jiƙewa fiye da kima ma matsala ce, iska ba ta shiga sai shi kansa ya koma wari. Ƙura da gashin kaji su ma suna toshe shi, ka sa raga a gaban fankar ana kaɗewa. Sai ka sa ido kan gara da ɓeraye. Bayan shekara 2 zuwa 5 ana kwashewa a zuba sabo.

Malama Mai Bayoloji: Ranar kwashewar a jiƙa shi tukuna kuma a sa takunkumi, akwai funfuna a tsohon taki irin Aspergillus da ke wahalar da mai asma ko mai raunin jiki. Ruwan da ke tsiyayowa ta ƙasa kuma cike yake da amoniya da naitret, a tare shi a rami mai siminti nesa da rijiya, a sirka a kai gona.

Dan Adawa: Ni dai Alhaji da zan ba ka shawara, ka riƙa kwashe kashin da wuri ka sayar wa masu noman rani, ka gyara mashayar kajin ta daina zuba a kai tunda jiƙaƙƙen kashi ne ke wari. Wannan ba fanka ba jarka takwas

Injiniyan Ruwa: Wannan kam shi ne farko, ban musa ba. Amma da damina babu mai saye kullum kuma ba ya bushewa, dole ya taru. Alhaji kafin ka kira magini ka gwada da duro ɗaya na roba, ka huda gefen ƙasa ka sa ƙaramar fanka irin ta maƙera, ka cika shi da haɗin, ka ba shi wata ɗaya kana jiƙawa kana shinshina sama da ƙasa.

Mai Kaji: To ya zan gane ya fara toshewa tun kafin fankar ta ƙone?

Injiniyan Ruwa: Tiyon lebur na magina, farin nan da ake ganin ciki. Ka lanƙwasa shi ya yi kamar harafin U ka zuba ruwa rabi, baki ɗaya ka cusa a sararin da ke ƙarƙashin tacin ka liƙe, ɗayan ka bar shi a buɗe. In fanka na aiki ruwan gefe ɗaya zai ɗara ɗayan, ka yi alama da biro ranar farko. In ka ga tazarar na ƙaruwa yana cushewa ne sai a juya shi da shebur, in kuma ta faɗi farat ɗaya to ya bushe ya tsage iska ta sami hanya.

Mai Kaji: Madalla. Duro akwai, fankar ce zan nema ranar kasuwa. Wanda ya san inda ake samun sassaƙen itace buhu-buhu ya taimaka min, masu katako na wajenmu dusa kawai gare su

Hajiya Mai Lambu: Ka tambayi masu sassaƙa turmi da masu faskare Alhaji, ni a wajensu nake karɓa